Sabon Kati

Ranar da aka fara kai Lauya ɗakin gaggawa na asibiti, a aji ta faɗi. Ana tsakiyar darasi ta dafe ƙirji, ta ce numfashinta ya ƙi fita, sai ta sulale daga kan benci. Mamanta tana kan keken ɗinki aka kira ta. Ta fita da tef ɗin awo rataye a wuya, ba ta lura da shi ba sai a ƙofar asibiti.

Shekarun yarinyar goma sha biyar. Lauya ba sunanta na gaskiya ba ne, 'yan gida suka laƙaba mata saboda baki. Ko gishiri aka ce ya yi yawa a miya, sai ta tsaya ta kare gishirin. Amma wata biyu ke nan ba wanda ya ji gardamarta a gidan, kuma ba wanda ya tambayi ina ta tafi. Cewa suka yi yarinya ta girma, ta yi hankali.

Maman Lauya ta yanki kati a taga. Aka auna jinin yarinyar, aka auna zafin jikinta, aka tura su bayan labule wajen wani matashin likita da mutane suka yi wa yawa.

"Me ke damunki?" ya tambayi yarinyar.

"Ba ta karya kumallo ba ne, likita," in ji uwar, tun kafin 'yar ta ɗaga kai. "Kullum sai na yi faɗa kafin ta ci."

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka sa mata ƙarin ruwa leda ɗaya. Da sakamako ya fito likitan ya ce ba su ga komai ba. Ta ci abinci, ta huta.

Uban yarinyar mai gyaran firji ne, unguwa na kiransa Injiniya. Da ya ji bayanin likita sai ya gyara zama.

"To, magana ta ƙare. Ni in an kawo mini firji na sa mita, na ga wuta na shiga, gas na nan, inji na juyawa, cewa nake yi mai shi ya ɗauki kayansa. Ba na kwance abin da bai lalace ba. Lafiyarta ƙalau, likita ya faɗa."

Daga ranar wannan kalma ta zama sanda a gidan. In ta kasa tashi da safe, likita ya ce lafiyarki ƙalau. In ta bar abinci a kwano har ya yi sanyi, likita ya ce lafiyarki ƙalau. Kaka, wato mahaifiyar Injiniya da ke zaune da su, ta ce lalaci ne ya samu wurin kwana.

"Ja'ira, ni da ƙafata ke ciwo na riga ki tashi. Ina kamar ke na gama aikin gida uku kafin rana ta ɗaga."

Da can Lauya za ta mayar mata da goma, su kwashe da dariya. Yanzu sai ta ce, "Yi haƙuri, Kaka," ta wuce tana jan ƙafa.

Injiniya ya karɓe mata waya, ya ce ita ce ke shanye mata kai. Uwar kuwa ta yarda aiki ne ke kore tunani, don haka ta ajiye mata kujera kusa da keke, ta tara mata riguna ta sa maɓalli. Wata rana ta waiwaya ta ga yarinyar riƙe da allura da zare, maɓalli ɗaya a cinya, kusan awa guda ba ta soka ba. Idonta a buɗe, amma ba abin da take kallo. Maman Lauya ta buɗe baki za ta yi mata magana. Sai ta tuna mai rigunan zai zo da yamma, ta fizge rigar ta sa da kanta.

Bayan sati uku aka koma asibiti, wannan karon ciwon kai ne har da amai. Uwar ta miƙa katin farko, mai taga ya zaro fayil. Wata nas da gajiya ta cinye ta buɗe, ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ku ne kuma? Ba ranar nan aka yi mata komai aka ce ba komai ba?"

Suka daɗe a benci. Da aka kira su, likitan ya karanta abin da na farko ya rubuta, ya ba da maganin ciwon kai, ko goshinta bai taɓa ba. Abin ya yi wa Maman Lauya zafi. Suna jiran magani, wata mata da ke gefenta, wadda da gani ta saba da wurin, ta matso.

"'Yar'uwa, ki ji dabara. In kika kawo tsohon kati, abin da na baya ya rubuta shi na gaba zai bi. In kina so a duba miki ita da kyau, ki ce ba ki taɓa zuwa ba. Su buɗe sabo, su fara daga farko."

Maman Lauya ta yi mata godiya har da riƙe hannu. Zuwa na uku, da ƙirjin ya sake riƙewa, ta ce wa mai taga yau ne farkonsu, ta sauya sunan ƙarshe ta sa na kakan yarinyar. Kuma dabarar ta yi aiki. Aka sake ɗibar jini, aka sake hoto, aka sake cewa ba a ga komai ba. Ta dawo gida tana jin ta yi wa 'yarta ƙoƙari. Ba ta san ta raba ciwon gida-gida ba ne, ta yadda kowane likita guntu kawai zai gani: wannan ya ga ƙirji, wancan ya ga kai, ba mai ganin yarinya ɗaya da ke ta dawowa tana ramewa.

Wata Laraba da hantsi Lauya ba ta je makaranta ba. Tana zaune a ƙasa kusa da keken, tana tsince guntayen zare daga tabarma. Uwar na yanka yadi, fil uku a bakinta.

"Mama."

"Uhm."

"Ke ma kina jin kamar an ɗora miki wani abu mai nauyi a ƙirji, tun kafin ki buɗe ido?"

"Wa ya gaya miki akwai wanda ba ya ji? Miƙo mini alli."

Ta miƙa mata. Almakashi ya ci gaba da tafiya cikin yadi.

"Ni dai da ma in kwanta kar in tashi."

Almakashin ya tsaya. Maman Lauya ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Tsoro ne ya kama ta, amma da ya zo fita sai ya fito da kayan faɗa.

"Rufe mini baki. Kar in ƙara jin wannan maganar a gidan nan. Me kika rasa? Ci, ko sha, ko sutura? Ubanki na can yana ɗaukar firjin mutane a kafaɗa saboda ke, ni idona ya kusa mutuwa a kan allura saboda ke. Wannan ai butulci ne."

"To, Mama."

Kuma ta bi umarni. Ba ta ƙara faɗa ba.

Zuwa na huɗu ciwon ciki ne, kuma Injiniya da kansa ya rufe shago ya raka su, yana cewa yau zai ji da kunnensa. Aka yanki sabon kati. Nas ɗin da ta karɓe su dattijuwa ce mai tabarau. Tana ɗaura wa yarinyar abin awon jini a dantse sai ta tsaya, domin sai da ta naɗa shi kusan sau biyu kafin ya kama.

"Kamar na taɓa ganinku a nan."

"A'a, yau muka fara zuwa," in ji uwar.

Nas ɗin ba ta yi musu ba. Ta dubi gashin yarinyar da ya dunƙule, ta dubi faratanta da ta cinye har nama.

"Baba, Mama, ku ɗan ba mu wuri na minti biyar, ina so mu yi magana ni da ita."

"Wace magana?" in ji Injiniya. "Me za ta gaya miki da ba za ta faɗa a gabana ba? Ni na haife ta. Tambaye ta, ga ta nan."

"Haka muke yi da duk yaro mai shekarunta."

"Ku yi da na wasu."

Dole ta yi tambayar a gabansu. Ta sunkuya daidai fuskar yarinyar.

"'Yata, kina samun barci? Abin da kike jin daɗinsa a da, har yanzu yana miki daɗi? Akwai ranar da kike jin kin gaji da komai?"

Lauya ta ɗaga ido ta dubi babanta, ta dubi mamanta, ta mayar da ido ƙasa.

"Lafiya lau nake."

"Kin ji ko," in ji Injiniya.

Nas ɗin ta miƙe. Ta ce akwai ciwo da ake kira ciwon damuwa, ba ya fita a jini, ba ya fita a hoto, yana zuwa wa yara ta ƙirji, ta kai, ta ciki, kuma yana da magani kamar kowane ciwo. Ta rubuta takarda ta ce su kai ta ginin baya ranar Laraba, akwai likitan da ke duba irinsa.

"Na kuma rubuta a fayil ɗinta da jan biro. Duk ranar da kuka kawo ta, ko da me ta zo, wanda ya buɗe zai san ba yarinyar da za a bari a benci ba ce. Ku riƙe katin nan da kyau."

A bakin ƙofa Injiniya ya karanta takardar, ya ga an rubuta likitan ƙwaƙwalwa. Fuskarsa ta sauya.

"Wato 'yata ce mahaukaciya? Mutum ya kawo ciwon ciki a tura shi wajen masu yaga riga? Ungo, jefar."

Maman Lauya ba ta jefar ba. Ta ninke ta saka a aljihun keken ɗinki, cikin ƙoshiyoyin zare da tsofaffin zif, da niyyar ranar Laraba ta kai yarinyar a ɓoye. Laraba ta zo da kayan makaranta guda talatin da za a karɓa washegari. Laraba ta biyu ta tuna ƙanwar maƙwabciyarsu tana shara a wannan ginin, kuma bakinta ba ya riƙe ruwa. Laraba ta uku ta ce bari dai a ga yadda jikin zai yi. Kowace hujja in ka ɗauke ta ita kaɗai, hujja ce. Haka sakaci yake, ba ya zuwa da sunansa.

Wata Asabar da safe Lauya ta riga kowa tashi. Ta share tsakar gida, ta wanke kayan makarantarta ta shanya, ta taje kanta. Ta shiga ta gyara wa Kaka ɗaki, har ta matsa mata ƙafa.

"Yau kuma wace rana ce?" in ji Kaka. "Ko an yi mana musanyar jika cikin barci?"

Yarinyar ta yi ɗan murmushi. Injiniya yana ɗaura agogo zai fita ya ce wa matarsa, "Me na gaya miki? Da kin biye wa mai tabarau da yanzu an sa mata lamba."

Maman Lauya ta hau keke ranar da zuciya wasai, har tana bin rediyo da waƙa.

Wajen sha ɗaya ta ji kakarin amai a bayan ɗaki. Ta tarar da yarinyar a durƙushe, gumi ya jiƙa mata riga. Ta shiga ɗauko mata mayafi, ta ɗaga filo, sai ga fankon magungunan Kaka a ƙarƙashinsa, an ɓalle su tas. Ta tsaya kallonsu. Sai ta tattara ta cusa a jakarta, ta ja zif, ta kira mijinta.

Ya rage murya a waya.

"Ki saurare ni da kyau. Kar ki kuskura ki faɗa musu. Rubutawa za su yi, ƙila har su kira hukuma, abin ya bi ta har tsufanta, ya bi ƙannenta. Ki ce ciwon ciki ne. Ai ruwa za su sa mata, ruwan zai wanke komai. Ina sauke wani firji, ina zuwa."

A taga mai yankan kati ya tambaya ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Kuna da kati?"

Guda uku ne a jakarta har da na farko, kuma na sama shi ne mai kaiwa ga fayil mai jan biro. Ta ji gefensa a yatsanta. A bayanta mutane sun yi layi, kowa na ji.

"Ba mu da shi. Yau muka fara zuwa."

Nas ɗin da ke kan aiki ba mai tabarau ba ce. Ta auna jini ta ga bai yi nisa da daidai ba, ta ga yarinya a farke tana tafiya da ƙafarta, ta ji an ce ciwon ciki, sai ta nuna musu benci. Haka aikin wurin yake, wanda ya fi kusa da mutuwa shi ake fara gani, kuma da abin da ka faɗa ake auna kusancin. Ana cikin haka aka shigo da mutanen da mota ta kife da su, duk ma'aikatan suka yi kansu.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Lauya ta kwantar da kanta a kafaɗar uwarta, abin da ta yi wata da watanni ba ta yi ba. Jikinta ya yi sanyi.

"Mama."

"Na'am, 'yar albarka."

"Kin gani, ko? A ƙarƙashin filo."

Uwar ta ƙara matse jakarta a cinya.

"Ki gaya musu. Na fasa, Mama. Ina jin tsoro. Ki gaya musu."

Maman Lauya ta dubi hagu, wani dattijo riƙe da ƙafarsa mai bandeji. Ta dubi dama, mata biyu da jariri, ɗaya ma kamar ta taɓa kawo mata ɗinki. Teburin nas ɗin yana tsakiyar jama'a, ba a magana a wurin sai da ɗaga murya.

"Yi shiru, yanzu za a kira mu. In mun shiga wajen likita zan faɗa masa a hankali."

Da aka kira su, labule ne kawai tsakaninsu da gadon wani, ana jin har numfashinsa. Kuma daidai lokacin Injiniya ya iso, ya tsaya a kanta da hannu duk baƙin mai. Likitan ya danna cikin yarinyar, ya tambaya ko ta ci wani abu da bai karɓe ta ba.

"Babu," in ji Injiniya. "Ta saba yi."

Aka ce ƙila gyambon ciki ne, aka sa mata ruwa. Maman Lauya ta zauna tana kallon ɗigon yana sauka, tana roƙon Allah ya sa maganar mijinta ta zama gaskiya.

Ƙarfe huɗu aka sauya ma'aikata. Mai tabarau ta shigo tana bin gadaje, ta zo kan nasu ta tsaya. Lokacin yarinyar ta fara magana ba kan gado, tana kiran uwarta da sunan malamarsu. Nas ɗin ta ɗauki fayil ta ga sabo ne fil, shafi ɗaya. Ta ɗaga fatar idon yarinyar ta duba. Sai ta juyo, ba ta kalli uban ba, uwar ta kalla.

"Me ta sha? Ƙarfe nawa?"

Maman Lauya ta buɗe jaka ta zazzage a kan gado. Fankon magani da katunan suka zube tare.

Nas ɗin ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta kira likita, wurin ya cika da gudu, aka tura gadon ciki. Kafin ta bi su ta tsaya daidai kunnen uwar.

"Da a taga kika faɗa, da ko minti ɗaya ba ta yi a benci ba. Awannin nan su ne maganin."

Kwana biyu suka yi suna fama. Ranar Litinin da hantsi Lauya ta rasu, ba ta ƙara gane kowa ba.

Gidan ya cika da masu gaisuwa. A waje Injiniya yana zaune cikin maza, idonsa ja, yana ba kowa labari iri ɗaya: ciwon ciki ne, sun kai ta da wuri, asibiti suka bar ta a benci awa uku. Mutane suna girgiza kai suna tsine wa sakacin ma'aikata. A ciki Kaka tana ta cewa kwana ne ya ƙare, ba ta tambayi inda magungunanta suka tafi ba, ba kuma wanda ya gaya mata, ko da yake an ga ta daina shan sabon da aka sayo.

Gaskiya ne ɗakin gaggawa wuri ne na sauri, kuma gaskiya ne likitoci uku sun duba ƙirji da kai ba su tambayi zuciya ba. Wannan nasu ne, su ɗauka. Amma yarinyar nan ba a asibiti ta fara neman taimako ba. A gaban keken ɗinki ta nema, aka ce mata butulu. A gaban ubanta aka tambaye ta, ya tsaya mata a kai har ta ce lafiya lau. A kan benci ta nema da bakinta, karo na ƙarshe, aka duba hagu da dama a ga wa ke ji. Ba wanda ya tsane ta a gidan. Sun ciyar da ita, sun tufatar da ita, sau biyar suka ɗauke ta zuwa asibiti. Abu ɗaya suka hana ta, a ji abin da ke damunta da sunansa, domin sunan ya fi ƙarfin kunnensu. Iyaye da yawa suna nan haka, suna tsoron bakin maƙwabta fiye da shirun ɗansu, kuma suna kiran wannan rufin asiri.

Da yamma wata tsohuwar mai kawo ɗinki ta shigo, ta durƙusa gaban Maman Lauya ta riƙe hannunta.

"Allah ya ba ki haƙuri. Ni ko labarin rashin lafiyar ban ji ba. Ta daɗe tana jinya ne?"

Matan ɗakin suka juyo suna jiran amsa. Maman Lauya ta buɗe baki. Ta ji muryar mijinta daga waje yana maimaita wa wasu sababbin zuwa.

"A'a," ta ce. "Kwana biyu kawai ta yi."

Alhali wata bakwai ta yi tana jinya.